Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Katsina Kan Funtua Da Audugarta

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka da aiki, tare da fatan Allah ya yi maka jagora a kan nauyin da ya ɗora maka.

Na rubuto wannan takarda a fili ne saboda maganar da ke cikinta ba tawa ba ce ni kaɗai. Maganar manoman Bakori da Faskari da Ɗandume ce, da 'yan dakon kasuwar Funtua, da dattawan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a gaban injin saƙa, da samarin da suka taso suka tarar ƙofofin kamfanoni a rufe. Funtua tana ta faɗaɗa, kullum sabuwar unguwa, kullum sabon gini, amma abin da ya mayar da ita gari yana ta ƙanƙancewa. Abin nan kuwa auduga ce. Kuma na lura duk gwamnatin da ta tashi taimakon Funtua, daga sama take farowa, daga gini da harsashi da yanke ƙyalle, gonar da komai ya dogara a kanta kuma a bar ta a baya. Roƙona shi ne taka gwamnatin ta faro daga gonar.

Ka yi mini haƙuri in ɗan koma baya, domin wanda bai san yadda aka yi garin ya tashi ba, da wuya ya gane inda ya karye.

Kafin zuwan Turawa, babban gari a wannan yanki Maska ce, ba Funtua ba. Har yau sarautar hakimin Funtua Sarkin Maska ce. Ƙasar nan ta kudancin Katsina, wadda magabata ke kira Katsina Laka saboda nauyin ƙasarta da riƙon ruwanta, tun fil azal ƙasar auduga ce. Mata suna gurza, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa, marina su rina, fatake su ɗauka. Ba Bature ne ya koya mana auduga ba. Abin da ya kawo shi ne inji da jirgi da kasuwar da ba ta ƙoshi.

A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga mai suna BCGA a birnin Manchester, don su samar wa masaƙunsu auduga daga ƙasashen da suka mallaka, su rage dogaro da ta Amurka. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, zatonsu auduga ce za ta cika taragai. Manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, suka bi gyaɗa. Inda auduga ta kama da gaske shi ne arewacin Zazzau da kudancin Katsina da yankin Gusau. Aka shigo da irin Amurka mai suna Allen wajen 1912, daga baya aka kafa gonar yaɗa iri a Daudawa, nan kusa da mu. Sannan aka ja reshen layin dogo daga Zariya, ya ratsa Funtua da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Tasha da gidan gurza, waɗannan biyun su ne suka haifi Funtua ta yanzu. Hakimi ya baro Maska ya dawo nan. Mutane suka yi ta kwararowa: Katsinawa, Zazzagawa, Sakkwatawa, Kanawa, Nufawa, Yarbawa, Ibo, ma'aikatan reluwe, akawuna, direbobi, makanikai. Shi ya sa har gobe akwai unguwar da ake kira BCGA a Funtua, ko da yake yawancin yaran da ake haifa a cikinta ba su san me sunan ke nufi ba. Shi ya sa kuma Bafuntuwe bai cika tambayar baƙo asalinsa ba, sana'arsa yake tambaya.

Ba yabon Turawa nake yi ba. Don kansu suka yi, kuma sun saye audugar kakanninmu da arha, sun dawo mana da akoko da tsada, sun kassara masaƙan gargajiya. Amma akwai tsari a cikin abin da suka kafa, kuma gwamnatin Jihar Arewa ta gaje shi ta riƙe shi. Tsarin nan nake so ka duba da kyau, domin shi muka rasa.

Iri kyauta ake ba manomi, ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, kafin ruwa ya zauna. Iri ɗaya ake rabawa a yanki guda, don kada a gauraya. Ana sanar da farashi, manomi ya san abin da zai samu. Idan kaka ta yi, ba a sayar da auduga a lungu ko a zaure, sai a fuloti, wato filin da aka keɓe don cinikin auduga, ranar da aka buɗe kasuwa. Manomi ya kawo tasa a kan jaki ko amalanke, a zazzage a shimfiɗa, malamin auduga ya sa hannu ya ɗebo, ya duba fari da tsabta, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. Wanda ya zuba tsakuwa ko ya yayyafa ruwa don ta yi nauyi a kan sikeli, a nan gaban jama'a zai ji kunya. Mata da yara sukan kwana biyu suna tsince ganye da ɓawo daga cikin auduga don maigida ya samu lamba ɗaya, saboda bambancin kuɗin ya isa a yi wahalar. Bayan an gama cira, doka ce a tuge karan auduga a ƙone, don tsutsa kada ta kwana a gona ta jira baɗi. Daga fuloti manyan motoci su kwashe zuwa gidan gurza, a raba ƙulli da angurya, a matse a ɗaure dila-dila, 'yan dako su loda a tarago. Angurya mai kyau a ware ta don irin baɗi. Kowa ya san aikinsa, kowa ya san lokacinsa.

Da aka doshi mulkin kai, shugabannin Arewa suka ga babu dalilin da za a riƙa kai audugarmu Ingila a dawo mana da yadi. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, a zamanin Sardauna. Masaƙar UNTL, ita ma a Kaduna, ta biyo baya a 1964, Gusau ma ta samu tata. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 Funtua ta samu masaƙarta, Funtua Textiles, wadda marigayi Malam Isma'ila Isa Funtua yana cikin waɗanda suka tsaya a kanta tun farko. Ga kamfanin matsar man angurya, ga gidajen gurza da suka ƙaru, ga na bulo ƙonanne. A lokacin nan, auduga tana iya fitowa daga gona a Maigamji ko Tudun Iya, a gurje ta, a kaɗa ta, a saƙa ta, duk ba ta bar ƙasar Funtua ba. Mai ya tafi kicin, dusar angurya ta tafi wurin masu kiwo. Garuruwa kaɗan ne a Arewa suka taɓa haɗa wannan duka a wuri ɗaya.

Mai girma Gwamna, ka san abin da albashin wata-wata ke yi wa ƙaramin gari. Ma'aikaci ɗaya a masaƙa ba shi kaɗai ke ci ba. Mai tuwo da mai ƙosai a bakin ƙofar kamfani suna ci, mai facin keke yana ci, mai gidan haya, tela, mahauci, mai shago da ke ba da bashi har ƙarshen wata domin ya san za a biya. Dattawanmu suna ba da labarin yadda titi ke cika da kekuna idan masu aikin dare suka tashi masu na safe suka karɓa. Da wannan albashi aka gina gidaje da yawa a Jabiri da Maƙera da Ɗandutse, da shi aka kai yara makaranta, da shi aka je Makka.

A 1975 kuma aka kawo shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin guda uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Shi ya buɗe hanyoyin karkara, ya kafa cibiyoyin sayar da taki da iri, ya watsa malaman gona cikin ƙauyuka. Shi ya mayar da masara abincin kasuwa a wannan yanki, har Ɗandume ta zama kasuwar hatsin da ake zuwa daga ko'ina. Alheri ne babba. Amma ya zo da wani abu da ba a yi wa tanadi ba: manomi ya samu zaɓi. Masara tana nuna da wuri, ana ci ana sayarwa, ba ta neman feshi sau da yawa kamar auduga, ba ta neman hannun cira da yawa. Daga baya waken suya ya shigo. Tun daga nan, auduga ba za ta zauna a gona ba sai idan tana biya. Ina faɗin wannan ne saboda nakan ji jami'ai suna cewa manoma sun yi watsi da auduga, kamar wani laifi suka yi. Manomi bai yi laifi ba. Lissafin da kakansa na Kano ya yi a kan gyaɗa shi ya yi.

Karayar ta fara ne a 1986, da gwamnatin tarayya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Hukumar tana da nata laifin, ta danne farashi shekara da shekaru, kuma manoma da yawa sun yi murna da tafiyarta. Sai dai da aka rushe ta ba a ɗora wa kowa ayyukan da take yi ba. Raba iri ya tsaya. Malamin auduga ya ɓace. Fuloti ya watse, 'yan baranda suka shiga ƙauyuka suna saye a ƙofar gida, mai kyau da marar kyau kuɗi ɗaya. To wa zai ƙara wahalar tsincewa? Manomi ya koma karɓar angurya daga duk inda ya samu ya shuka, iri ya gauraye, tsawon zare ya lalace, yawan abin da kadada ke bayarwa ya faɗi. Dokar ƙona kara ta mutu, tsutsa ta samu wurin zama.

Akwai wani ƙaramin abu da ya yi wa audugarmu illa fiye da yadda mutane ke zato, wato buhun leda. Da a ashasha ko zanen auduga ake zuba ta. Yanzu a tsohon buhun taki ake cusa ta, a ɗinke baki da zaren leda. Silin ledar nan yakan tsinke ya shige cikin auduga, injin gurza ba ya iya raba su, ya bi ta har cikin zare, har cikin yadi. Sai an zo rini abin ke fitowa, domin leda ba ta shan launi: ka ga farin layi siriri ya ratsa yadi, an yi asarar bandir guda. Saboda wannan kaɗai masu saye a kasuwar duniya suke karya farashin audugar Nijeriya. Buhu ne fa kawai. Amma babu hukumar da ta ɗauki hana shi a matsayin aikinta.

Su kuma masaƙu, duka ya zo musu ta ko'ina. An buɗe ƙofar shigo da yadi a 1997. A 2005 yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin tufafi a duniya ta ƙare, kayan Sin suka malale kasuwannin Afirka. Atamfa ta riƙa sauka a Kwatano, ta bi ta Maraɗi, ta tsallako ta iyakokin jiharmu ta wuce Kantin Kwari, wani lokaci da zanen masaƙunmu da tambarinsu a jiki. Ga gwanjo. Ga wuta babu, ga baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi tsada ya yi wuya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007, Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, ta zama kufai. Ƙasar da a shekarun 1980 take da masaƙu fiye da 100, aka wayi gari ana ƙirga masu aiki da yatsu. Cewa masaƙar Funtua ta kai yau da ranta, abin a jinjina wa masu ita da ma'aikatanta ne. Amma kowa a garin ya san ba yadda take da ba ce, kuma gidajen gurza da dama wata biyu ko uku suke aiki a shekara, in ma sun buɗe.

An yi yunƙuri, ba a ce ba a yi ba. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu wajen 2010 don farfaɗo da auduga da masaƙu. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannun gwamnati, kuma a nan Katsina aka ƙaddamar da rabon irin auduga ga manoma a wannan shekarar. Gonaki sun yi fari na shekara ɗaya ko biyu. Sai maganar bashi ta taso, sai kokawa kan iri da lokacin da kaya ke isowa, sai shirin ya lafa, a 2023 kuma aka janye takunkumin dalar. Abin da manomi ya koya daga wannan duka shi ne kada ya dogara, domin abin da aka zo da shi bana ba lallai a same shi baɗi ba. Auduga kuwa ba ta son haka. Mai gidan gurza ba zai gyara injinsa ba, mai masaƙa ba zai ɗauki ma'aikata ba, sai sun tabbata shekara biyar masu zuwa akwai kaya.

A kan wannan rauni ne matsalar tsaro ta sauka. Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Ƙanƙara, sassan Bakori da ita kanta Funtua, nan ne cibiyar audugar jihar nan, nan ne kuma 'yan bindiga suka fi addaba. Auduga tana daɗewa a gona, sai an shiga hunturu ake gama cirarta, kuma cira aikin mata da yara ne da 'yan ƙwadago, ana yini a fili. Wa zai kai iyalinsa gona mai nisa su yini a wannan hali? Manyan gonakin da ke nesa da gari su aka fara bari. Na san gwamnatinka ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, kuma mun ga 'ya'yanmu da suka shiga, wasu sun ba da rayukansu, Allah ya jiƙansu. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa tsara aikin tsaro da kalandar manomi a hannu: lokacin shuka, lokacin feshi, lokacin cira, da hanyoyin da kaya ke bi zuwa gari, musamman hanyar Funtua zuwa Gusau da ta Ɗandume zuwa Birnin Gwari.

Yau idan ka shigo Funtua za ka ga gari cike maƙil. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 225,000, kuma tun daga lokacin an ƙaru ƙwarai, har da dubban da suka gudo daga ƙauyuka. Mahaɗar hanyoyi ce, ta Zariya, ta Sakkwato, ta Katsina, ta Birnin Gwari, saboda haka ciniki bai mutu ba. Amma ciniki daban, sana'ar da ke ƙera abu daban. Saurayin da ubansa ya yi shekara ashirin yana kula da injin kaɗi, yau acaba yake yi ko tura baro ko sayar da katin waya. Madatsun Mairuwa da Gwaigwaye suna nan, amma unguwanni da yawa a hannun 'yan garuwa suke shan ruwa. Garin yana girma ta fuskar bakunan da za a ciyar, ba ta fuskar hannuwan da ke da aiki ba, kuma kowa ya san abin da zaman banza ke haifarwa a yankin da masu ɗaukar yara aikin daji suke kusa.

Sai maganar tashar tsandauri ta Funtua, inda ake sauke da loda kwantenonin kaya kamar a tashar jiragen ruwa. Tun 2006 aka amince da ita, aka yi ta jira har aka buɗe ta a 2024. Mun yi murna, kuma muna gode wa duk wanda ya sa hannu. Amma tasha ba ta haifar da kaya. Gina ta alhali gona ba ta bayarwa kamar mutum ne ya gina rumbu bai yi shuka ba. Kuma an zaɓi Funtua ne saboda layin dogo, layin kuwa ba ya ɗaukar kaya yadda ya kamata, ciyawa da gine-gine sun ci wasu sassansa. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi, ba zai taɓo mu ba. Tsorona, kuma ina faɗinsa da gaske, shi ne kada tashar nan ta zama ƙofar da kwantenonin yadin waje za su riƙa sauka a cikin garin auduga, su koma wayam. In haka ta faru, mun gina wa masu kashe masaƙarmu masauki da hannunmu. Haka nan maganar dandalin masaƙu da ɗinki da aka daɗe ana yi wa Funtua alkawari: ko an gina shi gobe, da wace audugar zai yi aiki?

Mai girma Gwamna, kai ba baƙon wannan fanni ba ne. Aikin gona da faɗakar da manoma ka karanta har digiri na uku, kuma ka shugabanci hukumar SMEDAN ta ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Saboda haka ba sai na yi maka dogon bayani ba a kan cewa iri shi ne farko. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana nan kusa da mu, tana da irin auduga mai suna SAMCOT da ta fitar don ƙasarmu. Abin da babu shi ne mai yaɗa shi da yawa, da tsabta, kowace shekara. Daudawa ta yi wannan aiki a da. Jiha tana iya dawo da shi ta hannun hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, KTARDA, da zaɓaɓɓun manoma masu yaɗa iri, a wurin da tsaro ya samu, a kuma hana gidajen gurza gauraya angurya ta iri da ta mai. Irin nan mai jure tsutsa da aka amince da shi a 2018 yana da amfaninsa, amma yana da tsada kuma sai an saya duk shekara, don haka a bar manomi ya ga biyun a gonar gwaji a ƙauyensu ya zaɓa da idonsa.

Bayan iri sai fuloti. Ba cewa nake a dawo da hukumar da za ta danne farashi ba. Cewa nake jiha ta yi doka: a sayar da auduga a wuraren da aka sani, da sikelin da aka duba, da malamin da zai ba ta lamba, a buhun auduga ba na leda ba. Buhunan ma masaƙar Funtua tana iya saƙa su, telolinmu su ɗinka. Kafin shuka kuma gwamnati ta zaunar da ƙungiyar manoma da masu gurza da masu masaƙa su amince da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, a sanar a rediyo. Wannan bai kai kuɗin gadar sama guda ba, amma sai an samu wanda zai tsaya a kansa shekara bayan shekara.

Akwai kuma abin da ke hannunka kai tsaye, ba sai ka jira Abuja ba. Jihar Katsina tana sayen yadi mai yawa: kayan 'yan makaranta, zannuwan gadon asibitoci, kakin rundunar tsaron al'umma da na sauran ma'aikata masu inifom. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa da ya ce hukumomin tarayya su fifita kayan gida. Me zai hana jiha ta yi nata, ta ce duk yadin da za a saya da kuɗin Katsinawa a fara neman sa a Funtua, a rubuta yarjejeniya ta shekaru, a kuma biya a kan lokaci? Masaƙar da ta san tana da mai saye ita ce za ta je wa mai gurza da oda, shi kuma ya je wa manomi.

Wuta ita ce ta fi ci wa masu masana'anta tuwo a ƙwarya. Mun ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, da Arewa ta yi kwanaki a cikin duhu saboda lalata manyan layuka. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. A yi amfani da ita a ware wa unguwar masana'antu ta Funtua layinta, a haɗa da hasken rana mai ƙarfi. Bututun iskar gas na AKK, wanda ya taso daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kuma zai ratsa ta wajen Zariya, tazarar da ba ta wuce kilomita 70 da 'yan kai ba daga nan. Yanzu ne lokacin neman a jawo mana reshe, tun ba a gama rabon ba. Shi kuwa layin dogo na tarayya ne, na sani, amma kai da gwamnonin Zamfara da Kaduna da sanatocinku buƙatarku ɗaya ce a kansa, daga Zariya har Ƙaura Namoda. Murya uku ta fi ɗaya.

Ina kuma roƙon a sa ido a kan filayen tsoffin kamfanoni da na reluwe. Gari yana matsowa, kuɗin fili yana hawa, kuma da zarar an yanka filin masana'anta an yi shaguna da gidaje, ba ya dawowa. A ƙididdige su, a hana canza musu manufa. Tsoffin gine-ginen gurza da tashar jirgi ma a adana wani abu daga cikinsu, yaranmu su san daga ina garinsu ya fito. Sannan dattawan da suka san aikin nan, masu gyaran injin gurza, masu kaɗi, masu saƙa, tsoffin malaman auduga, suna nan da ransu a cikin unguwanni, amma kullum raguwa suke yi. A haɗa su da makarantun koyon sana'a su koya wa yara tun ana iya samunsu. Abin da ke kansu ba ya cikin littafi.

A ƙarshe ina gayyatarka ka zo Funtua da bazara, ba don buɗe wani gini ba. Ka zauna da manoman auduga daga ƙananan hukumomi 11 na wannan shiyya, da masu gidajen gurza, da masu masaƙa da ma'aikatansu, da Sarkin Maska da sauran hakimai, ka ji daga bakinsu, a fito da wanda za a ɗora wa alhakin iri da wanda za a ɗora wa alhakin fuloti, da sunansu da ofishinsu. A yi shi da wuri, domin ana shuka auduga ne daga tsakiyar watan Yuni zuwa farkon Yuli, kuma irin da ya iso bayan nan sai dai a ajiye wa wata shekarar.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Funtua, jikan manoman auduga.